Aron Muryar Abakar

Ranar da na fara zama a shagon Usta Tijjani a kasuwar Hajj Abdalla, bai bar ni na taɓa makirufo ba. Kaset ɗin kartun ya sa a bidiyo, ya murɗe sautin har ya mutu, ya nuna mini benci ya ce in zauna in kalli bakinsu. Wani tsoho ne aka zana da jakinsa, suna ta jayayya a bakin rijiya. Usta ya fita shan jabana, wato kofi. Da ya dawo ya tambaye ni me tsohon ya ce. Na ce yaya zan sani tunda babu sauti. Bai yi faɗa ba, ya mayar da kaset baya ya sake ficewa. Haka muka yi ta yi har zafin shekarar ya wuce. Wata rana sai na lura kafaɗar tsohon tana ɗan ɗagawa kafin bakinsa ya buɗe, na gane numfashi yake ja, kuma maganar da za ta biyo doguwa ce. Da na gaya wa Usta, ya ce to, yanzu na fara gani, gobe in zo da wuri.

Ina ba ku wannan labari ne saboda abin da ɗayanku ya faɗa ɗazu, wai dablaja ai ba wuya, ka danna waya ka yi magana a kan hoto, shi ke nan. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka, domin tun ina yaro a ƙauyenmu ni ne mai kwaikwayon mutane, daga mai tallar gawayi har direban tarakta. Amma mai kwaikwayo lokacinsa a hannunsa yake. Mai dablaja bakin wani yake bi, bakin da aka zana a wata ƙasa, aka ba shi Larabci a wata ƙasar, kai kuma aka ce ka sa masa Hausa. A Larabci kalma guda ta isa, baki ya rufe. Kai kana buƙatar jimla. Ko ka datse Hausarka ta fito gurguwa, ko ka bar murya tana yawo bayan baki ya rufe, yara su yi ta dariya a inda ya kamata su yi shiru.

Usta Tijjani a Madani ya koyi aikin, tun lokacin da ake tsayawa a gefen allo ana fassara fim da baki ga masu tsinkar auduga. Da ya buɗe nasa wurin, kayan aikinsa bidiyo biyu ne da aka haɗa da waya, da makirufo guda da ya sa wa safar ƙafa don kada iskar baki ta buge shi. Ɗakin na bayan shago ne, an jera buhunan auduga a bango, an rataya tsohuwar katifa a ƙofa. Da tsakar rana muke ɗauka, lokacin da kasuwa ta kwanta, injin niƙa ya huta, jakuna sun fake a inuwa. Ana kashe fanka. Gumi yana zuba a idonka, ba ka isa ka ɗaga hannu ka share ba, domin makirufo yana jin motsin riga. In kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke a tsakiyar magana, sai a koma farko. Ruwan sanyi haramun ne a gare mu ranar aiki. Citta da zuma a ruwan ɗumi muke sha, da safe kuma ɗan man riɗi a cokali.

Sauran sautuka duk da hannu muke yi. Guguwa, ka hura iska a bakin tulun jabana. Gudun doki, ƙoƙuna biyu a kan turmi da aka kife. Ruwan sama, riɗi a kan faifai. Muryar mace kuwa kada ka matse maƙogwaro, nan da nan za ka dushe. Murmushi za ka yi, ka tura muryar sama zuwa bayan hanci, ka rage ƙarfi.

Masu sayenmu yawanci masu nadi ne, wato gidajen kallo na ƙauyuka, tun daga kan tur'o'in Jazira, wato magudanan ruwan noma, har Sinja, wasu kaset ɗin ma direbobin lori ke kai su Damazin. Kowa yana jin Larabci, amma Larabcin kartun na littafi ne, tsofaffi mata ba sa bin sa. Iyaye kuma suna so, domin yaran da suka fara amsa musu da Larabci a gida, in sun dawo daga nadi sai ka ji suna maimaita Hausar zane. Wata tsohuwa ta taɓa aiko mini da kwanon tasali, soyayyun 'ya'yan kankana, ta ce jikanta ya kira ta kaka a karon farko, a bakin wani zomo ya ji kalmar.

Aikin da ya fi daɗewa a hannuna ya zo ne bayan Usta ya tsufa ya bar mini shagon, mun riga mun koma kwamfuta. Wani direba ya kawo shi daga Madani, kartun mai kashi-kashi da yawa daga can gabas mai nisa. Labarin wata yarinya ce da ke zaune da kakarta a wani gari na bakin kogi. Matattu suna shiga jikinta su yi magana, mutane suna zuwa wurinta a raba musu rigima ko a gaya musu inda aka ajiye abu. Kullum tana tare da wani tsohon mai fito da ya nutse a kogin tun kafin a haife ta, shi ke yi mata jagora. Direban ya haɗo da juzu'i ɗaya na littafin zanen da aka ciro labarin daga ciki, baƙi da fari, ana buɗe shi ta dama kamar littafin Larabci. Ban iya karanta rubutun ba, amma littafin ya yi mini amfani. A takarda fuska a tsaye take, kana iya dubanta har ka gane ko wannan mutum mai saurin magana ne ko mai taunawa. A allo kafin ka gama dubawa ta wuce.

Kalma ɗaya ta tsayar da ni kafin in ɗauki ko jimla. Larabcin yana cewa arwah. In na ce aljanu, ba su ba ne, waɗannan mutane ne da suka mutu. In na ce fatalwa, yara za su ji tsoron mai fito, alhali a labarin shi ne mai kirki. In na ce iskoki, na taɓa abin 'yan bori, kuma a ƙauyenmu akwai tsofaffin da ke riƙe da shi a ɓoye, suna haɗuwa da maƙwabtanmu masu zar, irin nasu borin, in an yi sha'ani. Ba su son a kai abinsu nadi a yi dariya.

Kafin in yanke shawara labari ya kai kunnen Faki Usman, limaminmu, ya aiko a kira ni. Mutum ne mai natsuwa. Ya ce in kawo ya gani da idonsa, ya kalli kashi ɗaya har ƙarshe a rakubarsa, rumfar da yake zama. Ya ce ba zai hana ni neman abincina ba, amma matacce ba ya dawowa, kuma ba ya son yaro ya tashi da shakka a kan haka. Ya ce a farkon kowane kashi in faɗa da muryata ta gaskiya cewa wannan zanen wasu mutane ne masu wata al'ada daban, kuma kada in sa rantsuwa da sunan Allah a bakin waɗanda aka ce sun mutu. Na karɓa, har yau ban saɓa ba.

Kalmar kuwa a wurin Inna Dije na samo ta. Tsohuwa ce mai sayar da kisra, wainar dawa mai faɗi, a ƙofar nadin ƙauyenmu, kowa ya san a ƙuruciyarta godiya ce, iskoki suna hawanta, ko da yake ta daɗe da bari. Na tsuguna gabanta na gaya mata damuwata. Ta ci gaba da shafa ƙullu a kan tanda ba ta dube ni ba.

"Wanda ya sauka wurinka ya ɗan zauna ya wuce," in ji ta, "mi aka ce mishi in ba baƙo ba?"

Daga ranar suka zama baƙi, yarinyar kuma mai baƙi. Da na nuna mata gwajin farko, ta ce in daina gurnani kamar kura a duk lokacin da baƙo ya shiga yarinyar. Ta ce wanda aka hau a gajiye yake magana, kamar wanda ya sauko daga lori bayan doguwar tafiya, kalmomi suna fitowa da nauyi, in an sauka kuma ƙishirwa ce ke fara kama mutum. Na sake ɗaukar komai. Duk inda baƙo ya fita na ƙara wa yarinyar ɗan haɗiyar yawu. Babu wanda ya taɓa ambatonsa, amma a nan nadi yake yin tsit.

Mai fito shi ya fi ba ni wuya. Na gwada muryoyin tsofaffi da na saba, duk ba su zauna a fuskarsa ba. Wata rana na je hawashar ƙanena, wato gonarsa, sai na ji Abakar hafiri, mai gadin ƙofar ruwa a tur'armu, yana raba wasu manoma biyu da ke faɗa a kan wanda za a fara sakar wa ruwa. Muryarsa a dushe take kaɗan, yana jan kalmar ƙarshe kamar ba ya son sakinta, in zai ƙi maganarka sai ya fara gyaran murya. Ina tsaye na ga fuskar mai fito a kansa.

Dokar Usta ce ba a ɗaukar muryar mai rai sai an tambaye shi. Na je gidan Abakar bayan la'asar. Ya yi dariya har da tari, ya ce in ɗauka, amma kada mai fito ya zagi kowa da bakinsa. Matarsa Asha tana zuba mana shayi ta ce ai gara, ko a allo a samu mai sauraronsa. Da kashin farko ya fita, kafin mai fito ya rufe baki nadi ya kaure da dariya, kowa ya juya yana duban Abakar a bencin gaba. Tun daga nan sunansa ya koma Mai Fito. Yara suna binsa a bakin tur'a suna roƙon ya tsallakar da su. Bai taɓa rasa kashi ɗaya ba, kuma in mai fito ya faɗi maganar hankali sai ya gyaɗa kai kamar shi ya tsara ta.

Shekarar da yaƙi ya iso Jazira dawa ta nuna, ba a kai ga yanka ba. Na naɗe kwamfuta da makirufo a leda na binne a bayan rumbu, muka fita da abin da kai zai ɗauka. Abakar ya ƙi tashi. Ya ce ba zai bar gona a tsaye da ƙofar ruwa ba mai kula ba. Asha ce ta tsaya masa, ta ɗaure kaya, ta fito da yara, ta ce in ya ga dama ya zauna shi kaɗai. Ya biyo su, amma duk hanyar bai yi mata magana ba. Yana da ciwon sukari, magani ya ƙare, a Sinja ya kwanta, a can muka binne shi. Ba mu daɗe ba Sinja ma ta ƙi zaunuwa, muka gangara Damazin, aka sauke mu a wata makaranta a gefen gari, kowane aji gidaje da yawa, zannuwa ne bango.

A makarantar nan na yi aikin da ban taɓa koya ba. Babu allo, babu kahraba, yara sun yi yawa, ba karatu, sai faɗa da kuka. Mata suka roƙe ni in riƙa tara su bayan la'asar a gindin dalbejiya. Na fara ba su labarin mai baƙi da ka, daga farko. Sai na tarar rabin aikin zane ne ke yi mini. Da can ban taɓa cewa yarinyar ta tashi ta buɗe ƙofa ba, ido yana gani. Yanzu dole in gina ƙofar, in buɗe ta, in sa iska ta shigo, sannan in yi magana. Riɗi babu, da yashi a kan murfin tukunya nake yin ruwan sama. Manya suka fara tsayawa a baya. Faki Usman ma yakan wuce a hankali, kuma ina farawa da sanarwarsa kamar kullum.

Mai fito kaɗai na cire. Na ce ya yi tafiya can ƙasan kogi. Inda ya kamata ya yi magana sai in ba kakar yarinyar. Yara suna ta tambayar yaushe zai dawo, ina cewa ruwa bai janye ba.

Bayan Asha ta fita takaba, wata safiya ina gyaran igiyar angarib, gadon nan na saƙa, sai ga ta tare da Inna Dije. Ta rame ƙwarai. Suka zauna a kan tabarma, aka gaisa. Sannan ta yi magana tana duban ƙasa.

"Yaya Haruna, kalma guda nike so. Ka ce da muryarshi ya yafe mini. Zan juya baya, ba zan dube ka ba."

Zan iya. Muryar tana nan a maƙogwarona, ko a barci aka tashe ni zan fito da ita. Na san inda zan yi gyaran murya, na san yadda zan ja kalmar ƙarshe. Na kuma san in na yi mata, gobe wata za ta zo, domin kusan kowane zane a makarantar nan akwai wanda ya rasa wani a bayansa, kuma da yawansu na san muryoyinsu.

Na ce mata, "Asha, yadda yake magana na ara. Abin da zai faɗa ban san shi ba. In na faɗa, ni na faɗa, kuma ke ma za ki sani."

Ta ce ta sani, duk da haka tana so. Inna Dije ta dafa gwiwarta, ta ce ita da ta yi shekaru ana hawanta ba ta taɓa gaya wa wata mace cewa mijinta ne ya zo ba, domin waɗanda suka tafi ba su ne ke zuwa ba.

Sai na ce akwai abin da na ji da kunnena, in tana so zan faɗa mata da muryata. Ta ɗaga kai. Na gaya mata cewa a Sinja, kafin jikinsa ya yi tsanani, na zauna kusa da shi tana can wajen neman ruwa. Ya yi ta maganar dawarsa, yana cewa tsuntsaye sun samu. Sannan ya tambaye ni ko Asha ta ci abinci, ya ce ya lura tana ba yara rabonta, in gaya wa mata su matsa mata. Na ce bai ambaci yafiya ba, bai kuma ambaci fushi ba. Iyakar abin da na ji ke nan, ban ƙara ba ban rage ba.

 Ta ja mayafinta ta tashi, Inna Dije ta bi ta. Na ɗauka ta yi fushi, kuma da ta yi ban ga laifinta ba.

Bayan 'yan kwanaki Inna Dije ta kawo mini saƙo. Asha ta ce a dawo da mai fito, yaranta ma suna cikin masu tambaya. Na tambaya da wace murya. Ta ce da tasa.

Na zaɓi kashin da mai fito yake koya wa yarinyar duba kogi, inda ruwa ke yin lumui a sama alhali yana ja a ƙasa, da yadda ake gane wurin tsallakawa ta launin ruwa. Babu mutuwa a ciki, babu bankwana. Da na yi gyaran muryar nan, yara suka yi ihun murna, manyan da ke baya kuwa ba wanda ya motsa. Asha tana can nesa a bakin aji, ta ba mu baya, tana tsintar adas, ɗan waken miya, a faifai. Hannunta ya tsaya. Na ci gaba, domin in ka fara jimla ba ka sakinta a tsakiya, ko me ka gani. Na kai kashin har ƙarshe, mai fito ya tsallakar da yarinyar, ya ce ta kula da santsi a bakin gaɓa.

Da yara suka watse ta zo ta tsaya nesa kaɗan, faifan a hannunta.

"Ya yi, Yaya Haruna. Na ji shi." Ta gyara riƙon faifan. "Daga gobe ka nemo mishi wata murya."

Na ce to.

Da hanya ta buɗe na koma ƙauye na tona bayan rumbu. Damina ta riga ni, kwamfuta ta tafi da duk abin da ke cikinta. Makirufo kaɗai ya tsira, shi ne wannan da kuke gani. Na buɗe wannan ɗan shago a Sinja, kuma da mutane suka yi ta tambayar labarin mai baƙi don su zuba a waya, na samo na Larabcin na sake ɗauka daga farko. Mai fito na yanzu ba muryar kowa ba ce. Na haɗa ta ne kaɗan-kaɗan, na saukar da ita ƙirji, na cire dushewar, na hana ta jan kalma. Ta ɗauke ni lokaci kafin ta zauna a fuskarsa, kuma har yanzu ba ta zauna sosai ba.

Waɗanda suka san na da sukan tsaya a ƙofar nan su ce mai fito ya lalace, na farko ya fi. Ina ce musu gaskiyarsu ne. Na farkon aro ne, kuma Asha, mai shi yanzu, ta karɓi abinta.